Saniyar da Aka Kawo Mini Ba Maraƙi

Ran da aka miƙo mini yaron nan ko gyaɗa ba a gama cirewa a gona ba. Uwarsa ce ta goyo shi har bakin ɗakina, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kwance goyon ta sauke shi a tabarma, ta ajiye 'yan tsummokaransa a gefe, ta tashi ba ta ɗago kai ba. Ban tambaye ta dalili ba, don na riga na gani a tafiyarta. Kwanika ta yi, ciki ya shige ta tana cikin shayarwa, kuma a nan Yammedi ba a barin yaro ya sha nonon ciki, an ce lalata ɗa yake yi. Haka muka tarar, haka aka yi mana, haka aka yi masa. Jiya yana ƙirjin uwarsa, yau yana ɗakin kakarsa, ɗan shekara guda da 'yan watanni, yana dafa bango yana neman miƙewa.

Yaye ba baƙon aiki ba ne a hannuna. Na yaye na 'ya'yana mata, na yaye na maƙwabta, ban taɓa mayar wa uwa da ɗanta a lalace ba. Amma a wancan lokacin, kafin rana ta ɗaga matan ruga sun shigo gari da ƙorai a ka, a ba su gero su zuba kindirmon da ludayi ke tsayawa a cikinsa. Yanzu an nome burtali, hanyar shanun nan da ta ratsa bayan gari, an nome ta ba a bar ko wurin taka kofato ba. Shanu suka rasa wurin bi, rugage suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake kawowa ran kasuwa da sunan nono ruwa ne da aka kaɗa da wani gari don ya yi kauri, fari ne kawai a ido. Saboda haka koko na samu, koko na ba shi. Kokon masara da safe, kokon masara da rana, da yamma ɗan tuwo a murtsuke cikin ruwan miya.

Ni kuwa ba 'yar koko ba ce. A ruga aka haife ni, can ƙasar Rogo, aure ne ya kawo ni cikin manoma. A gidanmu in an cire yaro daga nono ba ya ma sanin an cire shi, don daga ƙirjin uwa sai ƙoƙon madara mai ɗumi da kumfa a kai. Muka tashi ƙafafunmu kamar taɓare. Ga ni nan da tsufana, haƙorana na gaba ba wanda ya motsa. To, ina dama kokon nan ina ba shi, zuciyata tana gaya mini wannan cika ciki ne kawai.

Da farko ba a ga komai ba. Cikinsa ya fito, ana cewa ga angon tsohuwa ya yi teɓa. Ni ma ina yi masa wasan jika, in ce angona, yaushe za ka tashi ka nomo mini abinci, ko sai na fita na nemi wani? Ya yi dariya ya kama gefen zanena. Sanyi ya shigo ya wuce, sa'o'insa suna ta gudu a tsakar gida suna korar kaji, shi yana zaune. In ya dafa turmi ya miƙe, sai ya yi 'yar ƙara ya koma ya zauna. In na ɗaga shi ta hannu sai ya sa kuka, kukan ciwo ba na rigima ba. Wata safiya ina yi masa wanka na haɗa dugadugansa wuri ɗaya, sai na ga gwiwoyin sun ƙi haɗuwa. Hannuna na shiga tsakaninsu ya fita. Ƙwaurin ya lanƙwashe waje kamar baka. Na duba wuyan hannunsa, ya yi kauri kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata.

Na kira uwarsa na nuna mata, ta fashe da kuka tana cewa ita ce ta jawo, nonon ciki ne da ya sha kafin ta farga. Matan gida kowacce da tata. Wata ta ce an koya masa tsayuwa da wuri. Wata ta ce goyo ne ya buɗe shi. Wata ta ce a kai shi wajen maɗori ya ɗaure ƙafar da kara ta miƙe. Na ce ƙashin da bai karye ba, ba wanda zai ɗaure mini shi. Ran kasuwar Karaye na goya shi, na hau bayan babur, muka tafi asibiti.

Malamar da ta duba shi yarinya ce, ba ta kai 'yar autata ba, amma tana da ladabi. Ta matsa haƙarƙarinsa, ta juya hannayensa, ta tsayar da shi ta tsuguna tana kallon ƙafafun. Ta tambaye ni abin da yake ci, na faɗa. Ta ce ban da shi fa? Na ce shi ke nan. Sannan ta ce akwai wani abu da ƙashi ke ginuwa da shi, kalsiyam ta kira shi, yana da yawa a madara da nono, akwai shi a ƙananan kifi in an daka da ƙayarsu, akwai a riɗi da zogale, amma masara ba ta da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta ce ƙashin yaron nan kamar katangar ƙasa ce da ba ta bushe ba aka ɗora mata nauyi. Nonon ciki kuma, ta ce, ba shi ya yi wannan ba, cire shi da aka yi ba a sa komai a madadinsa ba shi ne. Ta ba mu magani, amma ta riƙe hannuna ta ce:

"Iya, magani zai ƙare, girma kuwa ba zai tsaya jira ba. Ki nemo masa madara kullum, ki tafasa ki ba shi. Yanzu ƙashin yana jin magana. In ya ƙara shekaru ya sandare a haka, sai dai haƙuri."

Na dawo da maganar nan a kaina kamar an aza mini dutsen niƙa. Na fara shiga wurin uwarsa na ce ta share hawayenta, ba ita ba ce. Ba ta yarda ba, matan gida ma ba su yarda ba, na bar su, don ba ni da lokacin gardama. Abin da ke ci mini rai daban ne. Ina da saniya. Ni, ina da saniya. Uwata ta bar mini karsana, karsanar ta haihu, 'yarta ma ta haifi tata, har aka zo kan wata fara mai baƙin kunne da ke cikin garken ɗan yayana a Rogo, kuma na sami labari ta haihu bayan kaka. Sai dai a al'adar gidanmu saniya taki ce, amma nonon na matar da ke tatsa ne. Shekara da shekaru ban ɗanɗana ba, ban kuma nema ba. Yanzu na ce a kawo mini abata, a kafa mata turke a bayan ɗakina.

To, mai gidan nan ɗan farina ne, shi ne uban yaron. Tun da mahaifinsa ya rasu komai a hannunsa yake. Kun kuma san tsakanin uwa da ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi, in ya shigo gaishe ni da safe sai in amsa a taƙaice. Saboda haka aike na yi. Na aiki ƙanwarsa ta gaya masa abin da malama ta ce da abin da nake so. Amsa ta dawo, wai harawar bana ba ta yi auki ba, da ƙyar za ta kai shanun huɗa damina. Na sake aikawa. Amsa ta dawo, wai ɓarayin shanu sun yi yawa, saniya a gida kiran fitina ce. Shanun huɗa biyu da ke ɗaure a ƙofar gida kuwa, ban sani ba ko su ɓarawo ba ya ganinsu ne. Na sake aikawa. A wannan karon ba amsa aka kawo ba, ƙullin leda aka kawo, farin garin nan na awo da masu shayi ke faranta shayi da shi, wai ga madara an saya wa yaro. Na dama, na ɗanɗana. Zaƙi da maiƙo, yana manne wa dasashi. Na san madara tun kafin in san sunana, wannan ba ita ba ce.

Kullum da hantsi ina zaune bakin ɗaki da yaron a cinyata, ina kallo ana sauko da harawar gyaɗa daga kan rumfa ana zuba wa bijiman nan biyu. A jiƙa musu dusa, a sa musu kanwa, a goge musu jiki, in ƙuda ya dame su a yi musu hayaƙi. Wuyansu kamar turmi, tozonsu na rawa. Ran da ɗayan ya yi ɗingishi, kafin azahar an ɗauko mai duba dabbobi daga Karaye a kan babur. Ɗan gidan kuwa, ɗan cikin mai gidan, yana jan gindi a ƙasa daga turmi zuwa murhu, ana tsallake shi ana cewa Allah ya sawwaƙe. Ba na ƙin shanun huɗa, su ke nomo abin da muke ci. Amma wane irin gida ne wannan, da za a ruga wa ƙafar bijimi a zauna wa ta yaro?

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Wata safiya na naɗe tabarmata, na ƙulle kayana a zane, na goya yaron, na fito na zauna a zaure, inda mata ba sa zama. Ɗana ya shigo da maƙwabta biyu a bayansa, ya gan ni, ya durƙusa a rikice yana tambayar ko lafiya. Na dube shi cikin ido, abin da rabona da yi tun yana goye.

"Rogo zan koma," na ce. "In saniyar ba za ta zo wurin yaron ba, yaron zai je wurin saniya. Ka samo mini mai babur."

"Haba Inna, a gaban mutane?"

"A gaban mutane yake jan gindi, ba ka ji kunya ba."

Maƙwabtan suka sulale. A ce uwa ta tashi daga gidan ɗanta da ƙullin kaya, a garin nan ba zai ƙara ɗaga kai ba, ya kuma sani. Ya roƙe ni in koma ciki, ya ce shi da kansa zai je Rogo. Na koma ciki, amma ban kwance ƙullin ba.

Ya tafi kuwa. Da la'asar na ji ƙugin a-kori-kura a ƙofar gida, yara suna ta ihun ga saniya, ga saniya. Na fito har ina tuntuɓe. Ga ta nan fara sol da baƙin kunnenta, kamar kakarta da na sani, hantsarta a cike. Aka sauko da ita da ƙyar tana turjewa, tana juyawa tana leƙa bayan motar tana kuka. Ni ma na leƙa. Ba komai sai kashi da igiya.

Na ce ina maraƙin?

Ɗana ya yi murmushi irin na wanda ya yi ciniki mai kyau. Ya ce ai sun daidaita da ɗan'uwansa, shi ya riƙe maraƙin a matsayin ladan kiwon da ya yi shekaru, mu kuma mu ɗauki uwar. Ya ce hakan ma ya fi, baki ɗaya ne a kan harawa maimakon biyu, kuma ba mai raba nonon da yaro, duk abin da ke cikin hantsar namu ne.

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Jikan makiyaya ta wajen uwa, amma noma ya cinye shi, bai san abin da kowace ƙaramar yarinya ta sani a ruga ba. Shanunmu ba famfo ba ne. Saniyarmu ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara kamawa, ya tunkuɗi hantsar da kai, ita kuma tana lasarsa. In nonon ya sauko sai a janye shi a ɗaure a ƙafarta ta gaba, mai tatsa ta tsuguna. In ba ɗa, sai ta ɗauke nonon sama ta riƙe, ko kashe ta za a yi. In aka daɗe a haka ya ƙafe, sai kuma wata haihuwar. Shi ɗana bai sani ba. Amma wancan na Rogo, wanda ya yi rarrafe a gindin dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure, shi ya sani sarai, ya kuma tsaya yana kallo aka ɗora ta a mota.

Na gaya wa ɗana. Ya ce baƙunta ce, in ta huce za ta saba, a ba ta lokaci.

Na gwada duk abin da na sani. Na ba ta dusa da gishiri. Na shafa mata wuya, na yi mata magana da Fillanci yadda uwata ke yi. Na wanke hantsar da ruwan ɗumi, na tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyina, na ja. 'Yan ɗigo ne suka fito, ko gindin ƙwaryar ba su rufe ba. Ta juya kai wajen da aka fito da ita tana kuka, kuka har muryarta ta dishe. A ɗaki yaro na kuka, a turke saniya na kuka, ni a tsakiya da busasshiyar ƙwarya. Ɗana ya ce a dabaibaye ta, maza su riƙe, a matse da ƙarfi. Na ce duk wanda ya taɓa ta da igiya sai ya fara ɗaure ni. Na aika masa a koma a ɗauko maraƙin, ya ce shi ba zai je ya warware maganar da ya ƙulla ba, a ƙara haƙuri. Hantsar ta kumbura, ta yi tauri, ta yi zafi, sannan na ga ta fara saki tana yamushewa. Kwanakin nan da aka ɓata ana jira ta saba, su nake jin zafinsu har yau.

Ban sake aike ba, ban kuma nemi izinin kowa ba. Na goya yaron, na fita bakin hanya na tari mai babur, na ce Rogo.

Rugar ba inda na san ta take ba, ta matsa can gefen wani fako, gonaki sun kewaye ta. Na isa da hantsi an gama tatsa. Wani mai babur yana ɗaure manyan tulunan ƙarfe, duk madarar safiyar an juye masa zai wuce da ita birni. 'Ya'yan gidan kuwa suna zaune da kwanon koko irin nawa sak. A ruga fa, a tsakiyar garke. Na haɗiye wannan, don ba ita ta kawo ni ba.

Matar ɗan yayana ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, aka yi gaisuwa yadda ta kamata, gida da gajiya da shanu da rani da mutanen Karaye. Ban gajarta ko ɗaya ba, kada a ce fushi ya sa na manta tarbiyya. Shi kuwa ya zo da fara'arsa da sandarsa a kafaɗa, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Gwaggo da kanta? Ko saniyar ce ta yi kewar gida kika zo ɗaukar mata fura?"

Na kwance goyon, na cire wa yaron riga, na tsayar da shi a ƙasa a gabansa, na saki hannunsa. Ya yi tangaɗi a kan lanƙwasassun ƙafafun nan, ya dube ni, ya yi ƙara, ya zube. Na ɗaga shi na sake tsayarwa. Ya sake zubewa. Matar ta kawar da kai. Na miƙa hannu zan sake ɗaga shi, ɗan yayana ya ce, "Ya isa, Gwaggo, don Allah."

Na ce bai isa ba. Na tambaye shi ko an gaya masa dalilin da ya sa na nemi saniyar. Ya ce an gaya masa. Na tambaye shi ko ya san ba ta saki in ba ɗanta. Ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sanda. Can ya ce shi bai tilasta wa kowa ba, ɗana ne ya fara cewa ba ya son baki biyu, shi kuma ya ga in ya hana za a ce ya danne wa Gwaggo dukiya. Ya kuma yi zaton in ta ƙi tatsuwa za a maido masa da ita, kowa ya huta. Kun ji. Ɗaya harawa yake tunani, ɗaya garke yake tunani, ba wanda ya tuna da ƙafar yaron. Ya ƙara da cewa magana ce ta maza, an riga an tafa, kuma garken ma yana shirin tashi kudu neman ciyawa.

"Saniyar ta wace ce?" na ce.

"Taki ce, Gwaggo."

"Da kuka tafa, wa ya tambaye ni?"

Na ce masa ban zo ƙwace ladansa ba, ya yi kiwo, Allah ya ga wahalarsa, maraƙi nasa ne. Aro na zo. Ya ara wa uwar ɗanta har ta yaye shi da kanta, in ya isa a zo a ɗauka, ni zan ciyar da shi ko da dusar tuwona ce. Na ce masa ni da ubanka ƙoƙo ɗaya muka sha, in ka bari na koma hannu wofi, kada ka zo jana'izata.

Matarsa ce ta tashi, ba shi ba. Ta je dangwali ta kwanto maraƙin. Shi ma ya rame, idonsa ya faɗa, wai jikin wata saniyar ake liƙa shi tana harbinsa. Mijin bai hana ta ba. Aka ɗaure wa maraƙin ƙafafu, aka kwantar da shi a kan tankin babur, ni a baya da yaro a goye, muka kamo hanya, maraƙi na kuka, yaro na kuka, mutanen ƙauyuka suna barin aikinsu suna kallonmu.

Tun daga bakin gari saniyar ta ji muryarsa. Kafin mu isa ta tumɓuke turken. Da aka sake shi ya ruga ƙarƙashinta yana tunkuɗa, ita tana lasarsa tun daga ka har wutsiya tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na bar su wannan yinin. Washegari na janye shi na ɗaure a ƙafarta, na tsuguna. Nono ya zo, amma ta kan nonon baya kawai, na gaba sun riga sun ƙafe. Abin da ya kamata ya cika ƙwarya ya tsaya a ƙoƙo, kuma dole in rage wa maraƙin nasa, don in ya mutu an koma gidan jiya.

Ƙoƙon nan na riƙe kamar raina. Na tafasa yadda malama ta ce, ko da yake a gidanmu ba a tafasawa. Da farko tofarwa ya yi, bakinsa ya saba da sukarin koko. Na riƙa zuba masa a kunu kaɗan-kaɗan har ya karɓa, daga baya in ya ji ƙarar madara tana sauka a ƙwarya sai ya jawo gindi ya zo kusa da ƙafata ya zauna yana jira. Na haɗa da ƙananan kifin da ake kawowa daga dam, in busar in daka in barbaɗa masa a miya. Harawa kuwa ban roƙi kowa ba. In an sauko wa bijimai da tasu, sai in je in ɗebi rabon saniyata a gaban idon kowa, ba mai cewa uffan. Wata safiya ɗana ya aiko a ɗan sam masa madara a zuba a shayi, wai baƙi ne suka zo masa. Na ce a gaya masa ya tatsi shanun huɗa.

Kafin ruwan farko ya sauka yaron ya miƙe ba dafawa. Kafin a yi huɗa ya tako daga bakin ɗakina har turke, yana tangal-tangal, ya kama wutsiyar maraƙin. Uwarsa ta tsaya tana kallo tana share ido da gefen zane. Muka ci gaba da komawa asibiti, malama tana tsayar da shi tana sa yatsunta tsakanin gwiwoyin, wata bayan wata yatsun suna raguwa. Da saniyar ta yaye ɗanta aka zo daga Rogo aka ɗauke shi kamar yadda na yi alkawari. Na ba da tunkiyata aka ba ni akuya mai shayarwa, don kada ƙoƙon ya bushe.

Yanzu ya shiga makaranta. Ƙafar hagu ta miƙe sumul kamar ba abin da ya taɓa samunta. Ta dama ta miƙe ta bar saura. In yana gudu sai ya riƙa ɗan jefa ta gefe, takalmin wannan ƙafar kuma ta waje yake cinyewa. Malama ta ce mai yiwuwa ta ƙara gyaruwa, mai yiwuwa ta tsaya haka. Na tambaye ta ko da an kawo saniyar tun aikena na farko, da ɗanta, da hantsarta cike, da duka biyun sun miƙe. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Ni ma ba zan rantse ba. Amma ba zan ce na huce ba, don ƙarya ba ta kamace ni ba a shekaruna.

Kwanan baya ɗana ya shigo gaishe ni, yaron ya wuce mu a guje da jakarsa zai fita. Uban ya bi shi da kallo ya ce, alhamdu lillahi Inna, ƙafa ta warke, dama komai da lokacinsa. Na yi hamdala tare da shi, don Allah abin godiya ne.

"Ɗaya ta warke," na ce. "Kira shi ya dawo, ka tsayar da shi a gabanka, ka dubi ɗayar da kyau. Ba ka taɓa dubawa ba."

Ya tashi, ya leƙa zaure, ya kira yaron.